Tana Magani

Mutumin da ya tarbe ni a tashar jirgin ƙasa, a wani gari na kudancin Indiya, yana riƙe da kwali an rubuta Murtula maimakon Murtala. Ban gyara masa ba. Shekara shida na yi ina karanta labarai da gabatar da shirin kiwon lafiya a wani gidan rediyo a Gusau, inda edita kan dawo wa mutum da takarda saboda wasali ɗaya, amma ranar kwanana biyu a kan hanya, wasali bai dame ni ba. Na shiga bayan a-daidaita-sahunsa muka nufi kwalejin.

A ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje aka karɓi fasfona, wai za a yi mini rajista, aka jefa shi cikin aljihun tebur aka kulle. Sannan aka miƙo mini takardar shiga. Dillalin da ya nemo mini gurbin, ɗan ƙasarmu da wani abokin aiki ya haɗa ni da shi, ya rantse mini cewa digiri na biyu zan yi a fannin harhaɗa magunguna, tunda karatuna na farko a Kaura Namoda na aikin ɗakin gwaje-gwaje ne. Takardar da ke hannuna kuwa sashen nazarin dabbobi ta ce. Na nuna wa magatakarda kuskuren. Ya karkaɗa kai irin yadda suke yi, wanda har na bar ƙasar ban iya rarrabe e da a'a a cikinsa ba, ya ce babu kuskure, kwalejin ba ta taɓa yin wancan digirin ba. Na kira dillalin. Sau biyu wayar ta yi ƙara ba a ɗauka ba, a na uku aka ce lambar ba ta aiki. Na riga na ajiye aikina. Babban wanmu, Yaya Ilu, ya riga ya sayar da bijimi saboda tafiyar. Na sa hannu.

Kwana tara na yi ina neman ɗaki. A waya masu gida kan yarda, in sun gan ni sai ɗakin ya zama an kama tun jiya. Daga ƙarshe na samu wani a saman shagon mai niƙan barkono, inda na yi wata guda ina atishawa kafin hancina ya haƙura.

Malamar da aka damƙa ni a hannunta gajeruwa ce mai furfura, kowa Madam yake ce mata. Ba ta yi mini jaje ba. Ta ce in biyo ta, muka zagaya bayan ginin zuwa wata doguwar rumfa ta ganyen kwakwa, ƙarƙashinta kwatamai na siminti cike da kashin shanu da ruɓaɓɓen ganye. Ta cusa hannu ta ɗago, sai ga tana fal tafinta suna murɗawa. Ta ce wannan ne aikina na shekara biyu.

Na tsaya ina kallon abin da kajin gidanmu ke tonowa a bayan ɗaki. Ita kuwa ta yi mini tambaya guda: me ya sa tana ba ta ruɓewa? Tana kwana cikin ƙazanta, tana haɗiye ƙasar da ke cike da ƙwayoyin cuta, fatarta laushi gare ta kamar cikin leɓe, kuma ba ta da irin garkuwar jikin mutum wadda kan gane cuta ta ƙera mata makami na musamman. Da mutum zai yi kwana uku a inda take da rauni a jikinsa, da ya kumbura. Ta ce amsar tana cikin wani ruwa da ke tsakanin hanjin tana da fatarta. A cikin ruwan akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu haɗiye duk baƙon da ya shigo, akwai kuma sinadarai masu fasa bangon ƙwayar cuta. Idan tana ta ji barazana takan feso ruwan ta wasu ƙananan ƙofofi a bayanta. Aikina in tattara shi, in gwada shi a kan ƙwayoyin cuta, har da waɗanda suka daina jin magungunan asibiti.

Mai kula da rumfar wani tsoho ne, Selvam. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin yarensu, don haka da hannu muka yi shekara biyu muna hira. Ran nan ya zaro wata doguwar tana mai ɗan duhu, ya nuna ta, ya nuna ni, ya ce "Afrika". Na ɗauka zagi ne, don na sha irinsa a kasuwa. Sai Madam ta ce gaskiya ya faɗa, wannan nau'in daga Afirka ta Yamma aka kawo shi ƙasarsu don yin taki. Tun daga ranar in na shigo rumfar sai Selvam ya leƙa kwatami ya yi musu magana, da alama yana gaya musu ɗan'uwansu ya iso.

Shi ne ya lura ina ramewa. Shinkafa da ruwan miya mai tsami sau uku a rana ba su zauna mini ba. Wata ranar zafi ya kwance wani ɗan tulu daga kekensa ya zuba mini abu a kofi. Gero ne, an dama shi ya kwana ya yi tsami, an zuba nono. Ban san suna noma gero ba. Na sha a tsaye. Na juya na fuskanci kwatami na ɗan lokaci, shi ma ya yi kamar yana gyaran buhu. Daga nan kullum da tulu biyu yake zuwa.

A gida kuwa labari ya bazu. Ban ɓoye musu ba, na gaya musu abin da aka yi mini da abin da nake yi. Yaya Ilu, wanda ke noma gonar mahaifinmu a ƙauyenmu arewa da Zurmi, ya yi dariya har ya yi tari. "Ashe bijimina tana yas saya," in ji shi. "In dai ita ta, da ka hwaɗa mani, da na cika maka buhu nan hwadama." Daga ranar sunana ya koma Daktan Tana, daga Zurmi har Shinkafi inda ƙanwata Rabi ke aure. Inna, mahaifiyarmu, ita ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce Allah bai halicci komai a banza ba, tunda har an yi wa abin makaranta to akwai magani a ciki.

A damina ta biyu kututturen kara ya soki Inna a tafin ƙafa tana tsinkar yakuwa. Tana da ciwon suga, kuma ta daɗe ba ta jin tafin ƙafarta sosai, don haka sai da aka kwana biyu aka lura. Raunin ya ƙi rufewa. Aka sha ƙwayoyi daga kemis, bai ji ba. Rabi ta zo daga Shinkafi ta kai ta wurin malamin asibiti a Zurmi, ya wanke, ya rubuta allura ta mako biyu.

A wannan makon ne aikina ya fara nuna fuska. Hanyar mai sauƙi ce. A wanke tana, a bar ta kwana guda a kan jiƙaƙƙiyar takarda ta fitar da ƙasar cikinta, a sa ta a faranti bisa ƙanƙara. Sanyin kan sa ta feso ruwan, ɗigo kaɗan, mai ɗan rawaya. A tace shi ta matacin da ƙwayar cuta ba ta iya ratsawa, a ɗiga a farantin da aka shuka ƙwayoyin cuta, a rufe sai gobe. Wata da watanni ina buɗe faranti ina tarar da shi a lulluɓe da ƙwayoyin cuta. Ran nan na buɗe na ga wani zagaye fes a kewayen ɗigon, babu ƙwayar cuta a cikinsa, kamar inda aka share tsakar gida. Na kai wa Madam da hannu biyu.

Ta duba, ta auna, ta ce madalla. Sannan ta ɗauko kwalbar gwaji mai jinin tunkiya, ta ɗiga ruwan jar tana ƙarama da muke kiwo a kwatami na ƙarshe, ta ce in zauna in kalla. Jinin da yake da kauri ya tsinke ya koma garau kamar zoɓo. Ƙwayoyin jinin sun fashe. Ta ce abin da ke fasa bangon ƙwayar cuta bai san cewa jinin mutum ba abokin gaba ba ne, garkuwar tana don tana aka yi ta. Tsakanin wannan zagayen da maganin da za a shafa wa mutum akwai aikin shekaru, kuma mai yiwuwa ba mu ne za mu gan shi ba.

Ina wanke kwalabe bayan nan saƙon murya ya shigo daga Rabi, ta koma Shinkafi. Ta ce an yi wa Inna allura biyu, ƙafar ba ta sauya ba, Yaya Ilu yana cewa a bari. Allurar nan tana magani kuwa, ko wahalar da tsohuwa kawai ake yi? Hannuna da safar roba, ga Madam tana jira. Na cire safa ɗaya na rubuta kalma biyu: Tana magani. Na ce a raina in na tashi zan kira in yi bayani.

Da na tashi na kira, wayar Rabi ba ta shiga. Ta Yaya Ilu ma haka. Na gwada tsofaffin abokan aikina a Gusau, duk shiru. Washegari na gani a labarai cewa an rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, an rufe kasuwannin ƙauye, an taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai. Saƙona yana nan da alama guda, bai isa ba.

Kwana biyar bayan haka alamar ta zama biyu. Na kira nan take, ba ta shiga ba. Daga baya na san yadda aka yi. Mijin Rabi, Malam Bala, tela ne, kuma a lokacin shi ke tara wayoyin unguwa a jaka ya tafi wani tudu gaba da Jangeru inda sabis ɗin Nijar ke ɗan leƙowa. Ɗebo saƙo suke ce wa tafiyar, kamar ɗebo ruwa. Ba wurin zama ba ne, mutum ya buɗe waya saƙonni su zubo ya juyo.

Na yi kwana goma sha shida ina buɗe faranti ina aunawa ina rubutawa. Ban san wani abin da zan yi ba. Kowace safiya in duba waya, kowace azahar in sake dubawa.

Rana ta goma sha bakwai ina rumfa wata lambar Nijar ta shigo. Yaya Ilu ne, ya biyo Malam Bala tudun. Muryarsa tana zuwa tana ɗaukewa, iska tana kaɗa ta. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Dakta, mun bi maganarka. Sahe da marece nika haƙo su, a daka a shahwa a ɗaure. Amma ƙahwar ta yi baƙi har idon sawu, kuma tana wari. Ko ba irin taku ta ba? Ja za mu nema ko baƙa?"

Na ce wace magana. Ya ce wadda na aiko wa Rabi, cewa tana magani. Ya ja wasalin, ya faɗe ta da sunan abin da ke motsi a kwatamin da ke gabana.

A baki kalmomin biyu ba sa kama da juna, yaro ma ba zai ruɗe ba. A rubuce harafi huɗu ne iri ɗaya. Malam Bala bai saurari tambayar matarsa ba, don ba ya buɗe saƙon muryar mutane, amsar kaɗai ya gani. Kuma daga wa? Daga Daktan Tana. Kafin ya mayar wa Rabi wayarta ya riga ya ba wani ɗan kabu-kabu saƙon baki zuwa ƙauyenmu. Rabi ta karanta ta fahimta daidai, hankalinta ya kwanta, ba ta san abin da ya tafi Zurmi ba.

Na tambayi allurar. Ya ce sun bar ta tun ranar, tunda ga magani daga Indiya.

Na san abin da ke cikin tanar da aka haƙo daga fadama aka daka da hanjinta. Ni da nake kwana guda ina jiran ta fitar da ƙasar cikinta, sannan in tace ruwan, don kada ƙwaya ɗaya ta shiga farantin gilashi. Na ce, "Yaya, ku daina. Ku kai ta Kaura yau." Na faɗa sau uku. A na ukun na lura babu iska a wayar. Ban san a wace kalma layin ya yanke ba. Na kira lambar har batirina ya mutu.

Na tafi ofis na nemi fasfona. Magatakarda ya ce sai da takardar izinin fita, ita kuma sai shugaban kwaleji ya sa hannu, shi kuma ya yi tafiya. Madam ta bi ni ta yi musu faɗa da yarensu, aka ce a dawo mako mai zuwa. A kan matakala ta tambaye ni, in ma an ba ni yau, kwana nawa zan yi kafin in isa ƙauyen. Na lissafa jirgi, na lissafa mota zuwa Gusau, na zo hanyar Kaura zuwa Zurmi na tsaya. Ta ce to in yi tunanin abin da zai riga ni isa.

Rediyo ba a rufe shi ba. Akwai wanda muka yi aiki tare da ya koma wata tasha a Sakkwato, wadda ake kamawa a ƙauyenmu. Na same shi a waya, ya ce in turo da muryata zai sa a filin sanarwa. Na shiga ɗakin ajiyar kwalabe na rufe ƙofa. Sanarwar jimla huɗu ce, amma sau goma sha ɗaya na ɗauke ta. Na cire duk kalmar da za a iya ji ta fuska biyu. Ban ce tana ita kaɗai ba ko sau ɗaya, na ce tanar ƙasa, wadda kaji ke ci. Na ambaci sunan Yaya Ilu da na marigayi mahaifinmu da na ƙauye, na ce a daina shafawa, a wanke da ruwan da aka tafasa da gishiri, a kai Inna asibiti a Kaura ba tare da an kwana ba, duk wanda ya ji ya isar don Allah. Aka sa ta safe da yamma kwana uku. Ban taɓa karanta abu da kyau kamar wannan ba, kuma ba ni da hanyar sanin ko wani ya ji.

An ji. Wani Bafulatani maƙwabcinmu, Jauro, wanda ba ya rabuwa da rediyo a kafaɗa, shi ya ji a rana ta biyu yana kiwo, ya bar shanu da ƙaninsa ya zo gida. Yaya Ilu bai ji komai daga gargaɗin da na yi masa a tudun ba sai "Yaya". Babu mai a ƙauyen, don haka a amalanken shanun Jauro aka ɗauki Inna zuwa Zurmi. A can aka kwana biyu ana jiran ranar da motoci za su taru su bi rakiyar jami'an tsaro zuwa Kaura. Duk wannan ban sani ba a lokacin. Ina can ina auna zagaye da ma'auni, Selvam yana ajiye mini tulu a gefe, ina mayar masa da shi a cike.

A ƙarƙashin gwiwa aka yanke ƙafar. Likitan ya gaya wa Rabi cewa da ciwon suga da irin wannan raunin, ko da an gama allurar ba lalle ƙafar ta tsira ba. Ya kuma ce da an zo mako biyu kafin nan da wataƙila yatsu kawai za a cire. Duka biyun gaskiya ne, kuma na kasa zaɓar ɗaya in zauna a kai. Yaya Ilu ya naɗe ƙafar a farin ƙyalle ya kai maƙabartar Kaura ya binne, kamar yadda ake yi. Malam Bala ya daina zuwa tudu. Har yau in mun haɗu mukan gaisa da kyau, babu wanda ya taɓa tayar da maganar, domin shi ya karanta, ni na rubuta.

Sai da aka buɗe layuka na ji muryar Inna, tana gidan Rabi a lokacin. Na shirya abin da zan faɗa, na tsara shi kamar labarai: tambayar da aka yi mini, amsar da na bayar, inda kuskuren ya shiga. Na fara, na kai ga safar roba, ta katse ni. Ta tambaya ko ina cin abinci. Na ce ina samun fura. Ta ce a Indiya, na ce a Indiya. Da alama tana auna ko ƙarya nake yi don in kwantar mata da hankali.

Na ce mata an ba ni fasfona, zan bar karatun in taho a makon nan.

"Wata nawa ya rage maka?"

Na ce bakwai.

"To zamna ka ƙare abin da kat tahi yi, Murtala. Gaggawar mi kaka yi? Ni yanzu ba inda za ni. Inda ka bar ni nan za ka ishe ni."